Dokoki ga wanda aka damƙa wa makullin ɗakin saba

Ƙanena, tunda kai aka bai wa makullin, ka buɗe kunne. Ko sabar ƙungiyar manoma ce a nan Karfi, ko ta dillalin taki a Malumfashi, ko ta cibiyar jarrabawar kwamfuta a Funtuwa, hukuncinsu ɗaya ne. Akwatin ƙarfen nan idan ya ƙone ana iya sayo wani a Kano gobe. Abin da ke cikinsa, wato sunan wanda ya karɓi taki bashi da nawa ya biya bayan kaka, da katin marar lafiya, da sakamakon ɗalibi, babu kasuwar da ake sayar da shi. Littattafan da ka koyi aikin da su kuwa an rubuta su ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, ƙura ba ta shiga ɗaki. Namu sharuɗɗan daban ne.

Kada ka taɓa jona saba kai tsaye a soket ɗin bango. A takarda wutarmu bolt 230 ce, amma ka san yadda take zuwa: wani lokaci ko fanka ba ta juyawa, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da zai fasa ƙwan fitila. Dawowar nan ta fi ɗaukewar ɓarna. Ka sa sitabilaiza a gaba, sannan UPS ko inbata, sannan saba. Ka haɗa wayar USB ta UPS ɗin da sabar, ka saita manhajarta, ko NUT ko apcupsd in Linux kake amfani da ita, yadda in batir ya kusa ƙarewa sabar za ta kashe kanta a natse. Rumbun bayanan da wuta ta yanke masa yana tsakiyar rubutu ba kullum yake tashi ba.

Ka gwada batir da hannunka. Ranar da ba kowa a ofis, ka zare filogi, ka riƙe agogo, ka rubuta minti nawa ya ɗauka. Koren hasken da ke gaban UPS ba shaida ba ne. Batirin dalma an yi shi ne don zafin digiri 25, kuma duk ƙarin kimanin digiri goma yana rage masa rabin kwanakinsa. Wanda ya kumbura ka fitar da shi a ranar. Kada ka bari a jona firinta mai leza ko hita a jikin UPS, kuma kada ka ji kunyar zare cajar wayar kowa, ko ta shugaban ƙungiya ce. In an tayar da janareta, a bar shi ya daidaita na minti ɗaya ko biyu kafin a juya masa kaya.

Kada damina ta same ka ba ka kafa wayar ƙasa ba. Sandar jan ƙarfe ce za a kafa a wuri mai laima, a ɗaure ta da waya mai kauri, mai gyaran wuta ya auna a gabanka. Tsawa ba ta layin wuta kaɗai take shigowa ba. Takan biyo eriyar da ke kan dogon ƙarfe, ko kebul ɗin intanet da aka ja ta sama daga wannan gini zuwa wancan, ta ƙone suwic, ta ƙarasa cikin saba. Tsakanin gini da gini ka sa faiba ko rediyo. In ba hali, da zarar hadari ya haɗo daga gabas ka zare kebul ɗin waje.

Kada ka ajiye saba a ƙasa. Ka ɗora ta a kan tebur ko kanta, ka bar mata sarari ta gaba da ta baya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ƙura, ka buɗe ta kowane wata, ka fitar da ita waje a kashe, ka hura mata bulowa. Ka dafe kowace fanka da yatsa yayin hurawa, don iska kan juya ta fiye da ƙima ta lalata ta. In kana kusa da inda ake gurzar auduga ko casar masara, wata guda ya yi nisa, domin za ka tarar da zaren auduga ya yi wa ramukan iska dam kamar an toshe da hannu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a waje, alhali abin da masana suka fi so ga iskar da ke shiga saba shi ne tsakanin 18 da 27. Ka rataye ma'aunin zafi a bango. Ɗakin da rufinsa kwano ne ba silin bai dace ba.

Kada ka yarda a mai da ɗakin saba sito. Da kaka za a zo maka da zancen buhu biyar kacal, na kwana biyu. Ka ce a'a. Hatsi na kiran ɓera, ɓera na cin kebul, tururin taki kuma yana cin jan ƙarfen da ke cikin na'ura.

Ka yi kwafin ajiya, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Kwafi uku: wanda ake aiki da shi, da wani a faifai daban, da na uku a wajen ginin gaba ɗaya. Kada wani ya ruɗe ka da cewa sabar tana da faifai biyu masu kwafar juna. Wannan tsarin, wato RAID, yana cetonka ne in faifai ɗaya ya mutu. In ka goge fayil bisa kuskure, ko bairos ya kulle shi, a take ɗayan faifan zai kwafi ɓarnar. Faifan ajiya kuma kada ya kwana a jone. Bairos mai neman kuɗin fansa duk abin da ya tarar a jone yake kullewa.

Kada ka dogara da ajiyar intanet kaɗai. Mu nan mun gani da idonmu. A Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Malumfashi da Funtuwa da Bakori, aka shafe watanni a haka. Wanda duk bayanansa ke can sama, sai da ya yi tafiya kafin ya ga lissafinsa. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga wahala. Kada kuma ka dogara da na cikin ɗaki kaɗai, domin gobara da ɓarawo ba sa tambayar wanne ne kwafi.

Ka gwada dawo da ajiyar kowane wata. Manomin kirki yakan ɗebi 'yan ƙwayoyi daga irinsa ya jiƙa ya ga ko za su tsiro tun kafin ruwan shuka ya sauka. Haka za ka yi: ka ɗauki wata kwamfuta, ka zuba mata ajiyar, ka buɗe, ka nemo sunan mutum guda ka ga bashinsa ya yi daidai da na littafi. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanansu yana zaton kwafinsa na biyu yake gogewa. Da suka waiwayi hanyoyin ajiyarsu guda biyar, sai suka tarar babu wadda ke aiki yadda suka zata. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan ne ya cece su, aikin awannin nan kuwa ya tafi. Waɗannan ƙwararru ne masu kuɗi da kayan aiki.

Ka riƙa saka faci, amma da lissafi. Bairos ɗin WannaCry da ya durƙusar da asibitocin Birtaniya a Mayun 2017 ya bi ta wata ɓaraka ce da Microsoft ta riga ta fitar da facinta tun watan Maris. Windows 7 an daina yi mata faci tun Janairun 2020, Windows Server 2012 tun Oktoban 2023. In har yanzu su ne a ɗakinka, ka rubuta wa shugabanninka takarda, ka ajiye kwafinta. Kada ka saka Windows ko wata manhaja ta sata a kan saba, komai arharta.

Kada ka saka faci a jajibirin jarrabawa, ko a makon rabon taki, ko da yammacin Alhamis kana shirin tafiya gida. Ka fara gwadawa a na'ura ɗaya. A ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa guda daga kamfanin CrowdStrike ta kwantar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi. In kuma ka fara sakawa, ka kai ƙarshe, ka bi kowace na'ura ka tabbatar. A ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar saba ta taɓa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, domin gyaran da aka yi bai kai ga wasu sabobin ba. Sai da yaran suka sake zama jarrabawa. Ka tuna da iyayen da suka sayar da buhun masara suka biya kuɗin rajista.

Kada mutum biyu su yi tarayya a kalmar sirri ɗaya. Kowa da sunansa, kowa da iyakar abin da zai iya taɓawa. Kai kanka kada ka yi aikin yau da kullum da asusun root ko Administrator. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za ka rufe asusunsa, ko da ɗan ɗakinku ne. Kada ka bar ƙofar 3389 ta Remote Desktop a buɗe ga duniya, kuma SSH ka shige ta da makulli, ka hana shiga da kalmar sirri. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu ba ya shiga jikin saba. Lambobin NIN da BVN na manoman da ke hannunka kada ka tura wa kowa ta WhatsApp, ko wane ne ya nema. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka, kafin ita ma amana ta hau.

Idan aka kira ka aka ce saba ta faɗi, kada hannunka ya fara zuwa kan makunni. Kashewa da kunnawa kan share shaidar da kake buƙata. Ka karanta abin da ke kan allo, ka ɗauki hotonsa. Ka tambaya me aka canza jiya, ka tambaya cikin lumana, domin wanda ya ji tsoronka ba zai gaya maka shi ya ja kebul yana shara ba. Sannan ka bi daga ƙasa zuwa sama: akwai wuta? Fitilar suwic tana ƙyaftawa? Na'urar ta samu lambar IP? Ka buga ping zuwa rauta, sannan zuwa wata lamba a waje, sannan zuwa suna. In lamba ta amsa suna bai amsa ba, DNS ne, ka bar kebul ya huta.

Ka duba cikar faifai da df -h, in ya nuna akwai wuri amma rubutu ya ƙi, ka duba df -i. Ka karanta journalctl ko Event Viewer tun daga kuskuren farko, domin na ƙarshe yawanci ɗansa ne. Ka duba agogo. Ɗan batirin CR2032 da ke kan allon uwa in ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka su ƙi buɗewa, shiga ta gagara. A tsarin Windows na ofis, saɓanin agogo da ya wuce minti biyar ya isa a hana mutum shiga. Ka ajiye batirin guda biyu a durowa.

Kada ka canza abu biyu a lokaci guda. Kada ka kwafo umarni daga intanet ka liƙa ba ka san aikin kowace kalma ba. Kafin ka danna rm -rf ka buga hostname da pwd, ka karanta da baki a wace na'ura kake, a wane wuri. In faifai ya fara ƙas-ƙas, ka kashe shi nan take. Kada ka yarda da mai cewa a yi fomat tukuna a gani.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka ajiye shi a ɗakin. Kwanan wata, abin da ka taɓa, dalili, da yadda za a mayar da shi. Ka zana yadda wayoyi suka bi, ka liƙa wa kowane kebul suna a bakinsa biyu. Babbar kalmar sirri ka rubuta ta, ka rufe a ambulan, ka sa hannu a bakin, shugaba ya kulle a akwatin kuɗi. Ka zaɓi mutum guda a ofis, namiji ko mace, ka koya masa kashe saba da kunna ta da dawo da ajiya, ka sa ya yi a gabanka kai kana zaune ba ka taɓa komai ba. Inda ya tsaya yana dube-dube, nan ne littafinka bai yi bayani ba, sai ka gyara shafin a ranar.