Darasin Wannan Wata: Yadda Kula da Dabba Ke Taimakon Mai Damuwa

Ga shugaban ƙungiya: A karanta wannan darasi da ƙarfi a wurin taro. A riƙa tsayawa a ƙarshen kowane kashi domin mai tambaya ya yi. In da hali, a gayyaci ma'aikacin lafiya da malamin dabbobi su zauna tare da ku.

Gabatarwa

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san amfanin dabba. Bijimi yana jan garma, jaki yana kai taki gona, akuya tana biyan kuɗin makarantar yara. Yau za mu duba wani amfani dabam, wanda ba a kai shi kasuwa.

Da wuya a sami ƙauyen da ba shi da mutumin da damuwa ta danne. Wata mijinta ya rasu, ta daina fita ko ƙofar gida. Wani yaro ya ga abin tsoro ran da aka kai wa garinsu hari, tun daga ranar bakinsa ya mutu. Wani saurayi ya bar shaye-shaye, amma ba shi da abin da zai tashe shi da safe. Mukan je mu gaishe su, mu yi musu nasiha, mu yi addu'a tare da su. Sau da yawa maganarmu ba ta shiga, gama mutumin bai kai ga iya magana ba tukuna. In aka bar shi haka, yana iya lalacewa muna kallo.

A waɗansu ƙasashe, masu aikin ba da shawara sun lura da wani abu. Idan aka haɗa irin wannan mutum da dabba mai sanyin hali, aka ɗora masa kula da ita, ga kuma wani mai haƙuri a kusa, sau da yawa yakan fara sakin jiki kaɗan kaɗan. Abin da za mu koya ke nan.

Kashi na 1: Asalin wannan aiki

A shekarar 1796 aka buɗe wani gidan jinya na masu taɓin hankali a birnin York na Ingila. Wani mutum mai suna William Tuke ne ya jagoranci kafa shi. A zamanin nan ɗaure irin waɗannan mutane ake yi da sarƙa. A wannan gida kuwa aka ajiye zomaye da kaji a tsakar gida, marasa lafiya suna ba su abinci suna wasa da su. A 1867 kuma masu bi suka kafa gidan Bethel kusa da Bielefeld a Jamus domin masu farfaɗiya, noma da kiwo suka zama cikin aikin mazauna gidan.

Zancen doki ya yi ƙarfi ne saboda wata mace 'yar ƙasar Denmak, sunanta Lis Hartel. Ita gwanar hawa ce. A 1944 shan inna ta kama ta, ƙafafunta suka mutu daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba ta rabu da doki ba, ko da yake sai an ɗora ta an kuma sauke ta. A 1952 ta zo ta biyu a gasar sarrafa doki ta wasannin Olimfik a Helsinki, ta kuma maimaita a 1956. Ganin haka ya ƙarfafa masu jinya su riƙa ɗora naƙasassu a kan doki, har a 1969 aka kafa manyan ƙungiyoyin wannan aiki a Ingila da Amurka.

Wanda ya shigar da dabba cikin aikin ba da shawara sosai shi ne Boris Levinson, masanin halayyar yara a birnin New York. Wata rana aka kawo masa yaron da ba ya kula kowa. Sun iso kafin lokaci, suka tarar da karensa Jingles a ɗakin. Yaron da ya gagari manya ya shiga wasa da karen. A zuwan da ya biyo baya, ta wurin karen nan ne Levinson ya sami hanyar kusantar yaron. Da ya bayyana wannan a taron masana a 1961, waɗansu suka yi masa dariya. Bai fasa ba, ya fitar da littafi a kan batun a 1969.

Kashi na 2: Me ya sa dabba take iya wannan?

Na fari, dabba tana lura da mutum ƙwarai. Doki a daji abin farauta ne, da lura yake tsira. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan ko'ina kewaye da shi, sai dai daidai bayansa da daidai gaban goshinsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ashe doki ma yana tambaya. A 2016 masana a Jami'ar Sussex ta Ingila suka nuna wa dawaki 28 hotunan fuskokin mutane. Da suka ga fuskar mai fushi, bugun zuciyarsu ya ƙaru da sauri. A 2018 aka yi irin wannan gwaji da awaki 20 a Ingila, aka ga sun fi zuwa wajen hoton mai fara'a. Duk wanda ya taɓa zuwa kama jakinsa yana cikin fushi ya san wannan ba sai an gaya masa ba.

Amfanin wannan ga mai damuwa shi ne, dabbar tana nuna masa halin da yake ciki nan take. In ya zo a fusace, ta ja da baya. In ya natsu, ta matso. Da idonsa zai ga bambancin, ba wanda ya yi masa wa'azi.

Na biyu, dabba ba ta san tarihin kowa ba. Ba ta san wane ne ya taɓa zaman kurkuku ba, ba ta kuwa kai gulma bakin rijiya. Mutumin da kunya ta hana shi shiga jama'a yana iya tsayawa gaban jaki hankalinsa kwance.

Na uku, dabba tana da bukata kullum. Akuya ba ta san ranka ya ɓaci ba, gari ya waye za ta yi kukan harawa. Wanda ya ga kamar ba shi da sauran amfani a duniya, yanzu ga mai rai tana jiran sa. Wannan kaɗai yana iya fitar da mutum daga ɗaki.

Na huɗu, magana ta fi sauƙin fita in hannu yana aiki. Yaron da ba zai iya duban idon dattijo ya faɗi abin da ke ransa ba, yana iya faɗa sa'ad da su biyu suke cire wa ɗan maraƙi kaska, kowa idonsa a kan dabbar.

Kashi na 3: Yadda ake yi a wuraren da aka ƙware

A 1999 aka kafa wata ƙungiya a Amurka mai suna Eagala. A tsarinta ba a hawan dokin ko kaɗan, a ƙasa ake komai. Mutum biyu ne suke aiki tare, watau mai ilimin ba da shawara da wanda ya san halin doki. Sai a ba mutumin ɗan aiki, misali ya sa wa doki ragama, ko ya bi da shi ta tsakanin itatuwa biyu da aka shimfiɗa a ƙasa. Ba a gaya masa yadda zai yi.

A ce wani saurayi mai zafin rai ne. Ya ja igiya, doki ya toge. Ya ƙara ja da ƙarfi yana tsawa, doki ya ƙara kafewa. Da ya gaji ya sassauta igiyar, ya tsaya gefen wuyan dokin ya yi shiru, sai ga doki ya ɗaga ƙafa ya bi shi. Mai ba da shawara ba zai ce masa, "Ka ga halinka ke nan" ba. Zai tambaye shi ne, "Me ya faru sa'ad da ka ja? Me ya sake daga baya? Ko akwai inda irin wannan yake faruwa da kai a gida?" Saurayin da kansa zai kai zancen wajen mahaifinsa ko matarsa. Abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a zuciyarsa.

Ba lalle sai da doki ba. A ƙasar Holan akwai gonaki fiye da dubu da suke karɓar masu damuwa da tsofaffi da naƙasassu su yi aiki tare da manomi. A ƙasar Norwe, wata masaniya mai suna Bente Berget da abokan aikinta sun yi gwaji da masu ciwon tunani 90, suka buga sakamakon a 2008. Kashi biyu cikin uku na mutanen sun riƙa zuwa gona sau biyu a mako, awa uku kowane zuwa, har mako 12, galibi suna aiki da shanun madara. Sauran suka ci gaba da jinyar da suka saba kawai. A ƙarshen mako 12 ba a ga wani babban bambanci ba. Sai bayan wata shida aka ga waɗanda suka je gona sun fi amincewa da cewa za su iya da al'amuransu. Mu riƙe wannan: amfanin yana zuwa a hankali.

Kashi na 4: Iyakar abin

Kada kowa ya tashi daga taron nan ya ce an gano maganin taɓin hankali. A 2014 waɗansu masana a Amurka suka bi binciken da aka yi a kan jinya da doki guda 14, suka tarar duka suna da rauni, ba su isa hujjar cewa doki yana warkar da ciwon tunani ba. Dukan mutanen gwajin Norwe kuwa ba su bar jinyarsu ta asibiti ba. Dabba mataimakiya ce kawai.

A gaggauta kai mutum asibiti idan yana zancen kashe kansa, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya yi kwanaki ba ci ba barci, ko yana neman yi wa wani rauni. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato, ma'aikacin lafiya zai nuna muku hanya. Wanda likita ya ba magani kada ya bari don ya fara jin daɗi.

Kashi na 5: Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

Mu ba likitoci ba ne, amma muna da dabbobi, muna kuma da dattawa maza da mata masu haƙuri. Ga hanya:

1. A nemi yardar mutumin da ta iyalinsa. In yana tsoron dabba ko ba ya so, a ƙyale shi.

2. A zaɓi dabba mai sanyi: tsohon jaki, akuya da 'ya'yanta, tunkiya, zomaye ko kaji. Ban da ingarma, ban da bijimi mai tunkuyi, ban da uwar da ta haihu kwanan nan.

3. Malamin dabbobi ya duba ta tukuna. A tabbata ba ta da makero ko ƙazuwa. In kare ne, lalle a yi masa allurar haukan kare. A wanke hannu da sabulu bayan aiki.

4. A sa mutum ɗaya ya zama abokin aikinsa, mai riƙe asiri. Mace ta tsaya wa mace. In yaro ne, a yi aikin a fili inda iyaye suke gani.

5. A fara da ƙaramin aiki a lokaci ɗaya kowace rana: ba da ruwa, zuba dusa, share turke, goge jikin dabbar. Rabin awa ya isa da fari.

6. A koya masa ya zo wa jaki ko doki ta gefen kafaɗa yana magana a hankali. Kada ya tsaya a bayansa, kada kuma ya naɗe igiya a hannu. Mai farfaɗiya kada ya hau dabba, kada ya je ɗiban ruwa rijiya shi kaɗai.

7. Abokin aikin ya rage magana. Ya yi tambaya a kan dabbar, ya saurara. Abin da ya ji a turke ya tsaya a turke, sai dai in rai yana cikin haɗari.

8. A kula da haƙƙin dabbar. Wanda aka ga yana dukanta ko yana jin daɗin wahalarta, a raba su nan da nan, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya.

9. A faɗi gaskiya tun farko a kan makomar dabbar. Sabo ake yi wa kuka. In an san za a sayar da ragon nan lokacin biki, kada a bar maraya ya shaƙu da shi ba tare da ya sani ba. Ya fi kyau ƙungiya ta ba da akuya kiwo, in ta haihu ɗa guda ya zama nasa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wa ya taɓa ganin dabba ta sake hali saboda halin mai ita? Ya ba da labari.

2. Me ya sa mai ba da shawara yake yin tambaya maimakon ya gaya wa saurayin laifinsa?

3. Waɗanne alamu ne suke nuna lalle a tafi asibiti?

4. A garinmu, me zai sa iyali su ƙi yarda da irin wannan taimako? Yaya za mu amsa musu?

5. Su wane ne a cikinmu aka san su da haƙuri da riƙon asiri?

Aiki kafin taro mai zuwa

Kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki kwana uku yana lura da dabbarsa sa'ad da ya zo mata cikin gaggawa da sa'ad da ya zo a natse, ya kawo abin da ya gani. Shugaba da dattawa biyu su zauna a keɓe su yi tunanin mutum ɗaya da za a fara da shi. Kada a ambaci sunansa a gaban taro.