Cin abinci tare a ƙasar Sin

Ƙasar Sin tana cikin nahiyar Asiya. Mutanenta sun kai miliyan 1400. Ana kiran su Sinawa. Idan Basine yana so ya girmama baƙo, ko ya ƙulla ciniki, ko ya shirya da ɗan'uwansa, sai ya gayyace shi cin abinci.

Teburin liyafa kewayayye ne kamar faifai, don kowa ya ga fuskar kowa. Mutum goma suna iya zama a tebur ɗaya. Ana jera kwanonin abinci a tsakiya, bisa wani faranti mai juyawa. Kowa yana da ɗan kwanonsa da ƴan sanduna biyu da yake ɗaukar abinci da su.

Zaman yana da tsari. Dattijo ko babban baƙo shi ke zama yana fuskantar ƙofa. Ba wanda zai taɓa abinci sai ya fara. Yaro yana zuba wa manya shayi kafin ya zuba wa kansa. Ba a kafa sanduna tsaye cikin shinkafa, domin sun yi kama da turaren tsinke da suke kunna wa mamata.

Cin abincin da ya fi girma shi ne na jajiberen sabuwar shekararsu. Wannan salla tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ma'aikata da ɗalibai suna barin birane, su yi doguwar tafiya, don su ci abincin daren nan da iyayensu. A arewacin ƙasar, iyali suna haɗuwa su ƙunsa nama da ganye cikin kwaɓin alkama. Ana kuma dafa kifi, domin a harshensu sunan kifi ya yi kama da kalmar rara. Suna fatan shekara ta zo da albarka har a yi saura.

Amma al'adar tana da illa. Mai masauki yana jin kunya a ce baƙonsa bai ƙoshi ba. Sai ya kawo abin da ya fi ƙarfin cikin mutane, a zubar da sauran. Alhali kuwa tsofaffi ba su manta da yunwar 1959 zuwa 1961 ba, wadda ta kashe miliyoyin mutane. Shi ya sa a 2013 aka fara kira ga jama'a su riƙa cinye abin da suka zuba. A 2021 hukuma ta yi dokar hana ɓarnar abinci. Dokar ta ba mai gidan abinci damar karɓar kuɗi daga wanda ya bar abinci da yawa.

Karimci abu ne mai kyau, amma hatsin da aka zubar gumin manomi ne.

Kalmomi
liyafa: le banquet
baƙo: l'invité
ɓarna: le gaspillage

Tambayoyi
1. Don me teburin liyafa yake kewayayye?
2. Ina dattijo yake zama?
3. Me ya sa ake dafa kifi a jajiberen sabuwar shekara?
4. A gidanku, wa yake fara sa hannu a akushi? Me ake yi da sauran tuwo?