Gasa da Lasisi a Cinikin Gyaɗa: Nazari a Kan Karkarar Arewacin Kano, 1912–1986

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda hukuma ta tsoma hannu cikin cinikin gyaɗa a ƙasar Kano. Ta nuna cewa dokar ba ta kashe gasa ba, mazauni ta sauya mata: daga kan farashin da manomi ke karɓa zuwa kan lasisin da attajiri ke nema.

1.0 Kasuwa Mai Ƙofa Ɗaya

Karkarar da ta kewaye birnin Kano, wadda Mortimore ya yi fice wajen nazarinta, yanki ne mai cunkoson jama'a da ƙananan gonaki, inda ake noma fili ɗaya kowace damina da taimakon taki. Daga Ungogo da Minjibir har Bichi da Dambatta, tambayar magidanci ita ce nawa zai ware wa gero da dawa, nawa kuma ga abin sayarwa. Da jirgin ƙasa ya fara sufuri daga Kano a 1912, Turawa auduga suka sa rai. Hogendorn (1978) ya nuna cewa manoma gyaɗa suka zaɓa: ta fi riba, ana cin ta idan abinci ya gaza, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Masaƙan gida ma sun fi kamfanin auduga taya kaya da daraja.

Sai dai hanyar fita ɗaya ce, wato layin dogo. Ta wannan fuska yankin ya yi kama da tsibiri mai tashar jiragen ruwa guda: wanda ya riƙe ƙofar shi ke yanka farashi.

2.0 Kamfanoni da Dillalansu

A shekarun farko kamfanonin Turai sun yi rububin saye. Suna ba attajirai jari, attajirai su rarraba wa 'yan baranda, su kuma su bi ƙauyuka da sikeli da buhuna. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne fitacce a cikinsu. Haɗewar manyan kamfanoni zuwa UAC a 1929 ta rage masu saye, kuma suka riƙa daidaita farashi a tsakaninsu. Duk da haka ƙofar ba ta rufe ruf ba, domin a ƙarshen shekarun 1930 Saul Raccah, ɗan asalin Tarabulus, ya kutsa harkar fitar da gyaɗa, ya ƙwaci kaso mai tsoka daga hannunsu.

3.0 Shigowar Hukuma

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya tsarin. A 1942 aka kafa hukumar kula da amfanin gona ta Afirka ta Yamma, wadda ta raba wa kamfanoni kason saye gwargwadon cinikinsu na baya. Bauer (1954) ya soki wannan ma'auni, kuma sukar na da hujja, domin ma'aunin ya tabbatar da tsofaffin kamfanoni, ya daƙile sabon shiga. Hukumar gyaɗa ta Nijeriya ta biyo baya a 1949, sannan ta Jihar Arewa a 1954.

Manufar da aka bayyana ba abar rainawa ba ce. Manomin da ya sha faɗuwar farashi a shekarun 1930 yana buƙatar sanin abin da zai samu kafin kaka. Amma hukumar ta zama ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa, tana saye ƙasa da farashin duniya, rarar kuma ta tafi ayyukan gwamnati. Helleiner ya kira abin da sunansa: haraji. Mai riƙe da lasisi ladansa ƙayyadadde ne kan kowane tan, saboda haka ba ya takara da ƙarin kuɗi. Takararsa tana wajen samun lasisin, wanda siyasa ke da baki a cikinsa, da kuma ɗaure manomi da falle tun da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Abin da ya rage tsakanin farashin takarda da kuɗin hannu, sikeli ne ke yanke shi. Dalar gyaɗa da ake alfahari da hotunanta ma, wani ɓangare nata shaida ce ta gazawar jirgin ƙasa wajen kwashe kaya.

Manomi ba shi da kujera a hukumar, amma yana da gona. Ya karkata ga hatsi, ko ya sayar wa matan da ke matsar mai da ƙuli-ƙuli a cikin gidaje, kasuwar da lasisi bai kai gare ta ba. Farin 1973 da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 sun tarar da harkar ta riga ta raunana. Garambawul ɗin 1977 bai farfaɗo da ita ba, gwamnatin Babangida kuma ta rushe hukumomin a 1986.

4.0 Bayan Hukumar

Yanzu kasuwar Dawanau, a Dawakin Tofa, ita ce matattarar hatsi, kuma masu saye suna da yawa. Amma mai sito da jari ya fi ƙarfin manomin da bashi ya tilasta wa sayarwa da kaka. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta garƙame wasu sito-sito a can bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwa kuwa suka musanta zargin, suna cewa ajiya wani sashe ne na sana'arsu.