Yadda Ake Zaɓen Harsashi Don Farautar Manyan Namun Daji

Sanin bindiga ba baƙo ba ne a Damagaram, tun zamanin Sarki Tanimu ake haɗa albarushi a Zinder. Amma har yau za ka ji matasa a tashar Takieta suna gardama wai ƙaramar bindigar hannu tana kayar da gwanki. Ga yadda ake gane gaskiya.

Da farko je wurin ma'aikatan gandun daji. Dokar farauta ta 1998 ta wajabta takardar izini, ta kuma haramta taɓa wasu dabbobi, irin na gandun Termit da Tin Tumma da aka keɓe a 2012. Izinin riƙe bindiga kuma daban ne.

Na biyu, duba kwalin harsashin: nauyi da gudu. Nan ne mutane ke ruɗewa, suna kallon kauri. Harsashin milimita 9 na bindigar hannu nauyinsa kamar giram 8 ne, gudunsa wajen mita 360 a daƙiƙa. Na doguwar bindiga, .308 Winchester, bai fi shi nauyi sosai ba, giram 10, amma yana haura mita 800. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin duka yana ninka huɗu, shi ya sa na biyun ya fi na farko ƙarfi kusan sau bakwai. Ko harsashin bindigar hannu na .44 Magnum da ake yabo bai kai rabin .308 ba, kuma da an wuce mita 50 saitinsa sai gwani.

Na uku, auna da dabbar. Barewa da gwanki, .308 ya wadatar. Ɓauna kuwa sai irin .375 H&H, wanda aka ƙera a Ingila a 1912. Zaɓi harsashi mai taushin baki, wanda ke buɗewa in ya shiga jiki.

Sai gwaji. Kafa kwali a gindin tudun yashi, ja baya taku ɗari. In harbi uku ba su taru a faɗin tafin hannu ba, ba ka shirya ba.

Abin da ke damuna shi ne dabbar da aka raunata. Ta gudu da harsashi a ciki, ta kwana uku tana wahala, ta mutu a sarƙaƙiya, ungulu su ci. Ɗan'uwa maharbi, in abin da ke hannunka bindigar hannu ce, bar babban nama ya wuce.