Sana'ar itace a Damagaram

Yara, yau da safe kafin ku zo lakwal kun sha koko ko kunu. Inna ce ta dama shi, kuma da itace ta hura wutar. Yawancin gidajen Nijar da itace suke girki. Amma cikin birnin Damagaram babu daji. To, daga ina itacen yake zuwa? Wa yake sare shi, wa yake faskara shi?

Akwai wani dattijo a unguwarmu, wannan ita ce sana'arsa. Yana da fili a bayan gidansa, da amalanke guda, da jaki, da gatari biyu, da samari biyu masu taya shi aiki. Ranar da babu karatu na tafi wurinsa da almajiraina uku. Muka gaishe shi, ya shimfiɗa mana tabarma.

Wata yarinya ta ce: «Baba, kai kake zuwa daji ka saro duk wannan?»

Ya yi dariya, ya ce: «A'a, ƴata. Da can haka ake yi, kowa ya ɗauki gatarinsa ya faɗa daji. Yanzu saye nake yi a ƙauye.»

Ga dalili. A shekarar 1992 gwamnati ta yi doka a kan saye da sayar da itace. Dokar ta kafa kasuwannin itace na karkara. Mutanen ƙauye su ne suke tsaron dajin da ke kusa da su, su sari abin da aka ƙayyade musu, su tara shi wuri guda. Mai jigila ya zo ya saya, ya biya haraji, a ba shi takarda. Harajin nan ana raba shi uku: na ƙauye, na hukumar yanki, da na baitulmali. Wanda ya kwaso itace daga dajin da ba a tsara ba, harajinsa ya fi yawa. An yi haka ne don mutane su riƙa sayen itacen da aka sara bisa ƙa'ida. A yamma da Damagaram, wajen kilometir 50, akwai gandun dajin Takeita. Can ma manoma da makiyaya sun kafa ƙungiya, suna lura da dajin tare.

A kasuwar itace ba a awo da kilo. Ana kafa turaku huɗu, a jera itace tsakaninsu: tsawo metir 1, faɗi metir 1, tsayi metir 1. Wannan tari shi ne siter, wanda ake rubuta «stère» da faransanci. Ku lura: siter ba itace zalla ba ne, akwai iska tsakanin guntayen. Idan itacen karkatacce ne, iskar ta fi yawa, mai saye ya yi hasara. Shi ya sa dattijon nan ba ya aika yaro. Da kansa yake zuwa ya ga jerin.

Itace kuma iri-iri ne. Marke da ƙirya da bagaruwa suna da nauyi, suna daɗewa a murhu, suna barin garwashi. Maƙera gawayin ƙirya suka fi so. Sabara da geza da taramniya ƙanana ne, amma suna kama wuta da sauri, kuma in an sare su suna sake tohowa daga kututture. Kuka kuwa ba ta da amfani a murhu, cikinta kamar soso yake.

Abin da ya fi komi muhimmanci shi ne bushewa. Ɗanyen itace, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In aka sa shi a wuta, zafin yana tafiya wajen ƙone ruwan, tukunya ba ta samun rabonta. Ni kaina na sha wannan wahala. Shekarar da aka fara tura ni koyarwa a ƙauye, na sayi itace mai arha da damina. Sati guda ina hura wuta ina hawaye, tuwona duk warin hayaƙi. Hayaƙin nan ba wasa ba ne, yana lalata idon mai girki da ƙirjinta, da na goyon da ke bayanta. Saboda haka dattijon yana faskara itace tun yana sabo, don faskararre ya fi saurin bushewa. Sa'an nan ya jera shi bisa duwatsu, ba bisa ƙasa ba, don iska ta ratsa kuma gara kada ta ci. Wanda ya fara shigowa shi ne ake fara sayarwa.

Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da injinsa. Zarto ne mai inji. Yana da dogon ƙarfe kamar takobi, da sarƙa mai haƙora tana zagaya shi. Gungumen da samari biyu za su wuni suna sara, injin yana yanka shi gunduwa-gunduwa kafin a gama shan shayi. Gatari kuma yana ɓarnar itace, gutsattsari suna ta watsewa. Inji kuwa yankansa siriri ne.

Amma inji yana da sharuɗɗa. Ba ya shan fetur tsantsa, sai an gauraya masa da man inji: kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur. Wato litar 5 ta fetur tana son santilitar 10 na mai. In an manta, injin ya ƙone. Sarƙar ma tana da nata man daban. Babban abokin gabanta shi ne rairayi, ga shi kuwa ƙasarmu rairayi ce. Haƙoran suna taɓa ƙasa sau ɗaya, sun dakushe. Don haka ana kakkaɓe gungume, a aza shi bisa wani, sa'an nan a yanka. Da magagari ake wasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya.

Wani yaro ya miƙa hannu zai taɓa. Dattijo ya daka masa tsawa: «Kul, ɗana!» Ya nuna mana tabo a kafaɗarsa. Ya ce ran nan bakin takobin ne ya taɓa wani reshe, injin ya yi tsalle ya komo kansa. Tun daga ranar ba ya yanka da bakin, ba ya riƙe inji da hannu ɗaya, ba ya ɗaga shi sama da ƙirjinsa. Yana sa takalmi rufaffe, ya ɗaure ƙugu, babbar riga kuwa sai ya tuɓe ta. In yana aiki ba yaron da yake matsowa.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro ba tabon ba ne, saurin ne. Gawon da ya yi shekara 40 yana girma, inji yana kayar da shi cikin ƴan mintoci. Tsofaffi suna ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo, kuma hukuncin mai sara yana da tsanani ƙwarai. Ya san amfaninsa. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana. Ganyen yana zama taki, ƴaƴan kuma abincin bisashe ne da rani. Yau ma doka ta hana saran gawo ba da izinin ma'aikatan daji ba.

Bayan farin 1984 manoma a jihohin Maraɗi da Damagaram suka kama sassaben zamani. In suna share gona, ba su tumɓuke tohon kututture. Sukan zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. A Magarya da Matamai da Mirriya gonaki sun sake cika da gawo. Rassan da ake datsewa kowace shekara su ne itacen gida, ragowar a kai kasuwa. Dattijon ya ce rabin abin da yake sayarwa yanzu daga gonaki yake zuwa.

Mun tambaye shi ko ciniki yana nan kamar da. Ya ce tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, wasu gidaje sun koma gas. Wasu kuma suna da murhun ƙarfe Mai Sauƙi, wanda ba ya cin itace kamar murhun duwatsu uku. Amma masu tuwo-tuwo da masu burodi da gidajen biki suna nan suna sallama kullum.

Tambayoyi

1. Mene ne siter? Me ya sa siter na karkataccen itace bai kai na miƙaƙƙe ba?
2. Mai inji yana da litar 15 ta fetur. Santilitar nawa na mai zai zuba?
3. A ce mai itace ya sayi siter 4, kowane dala 600. Ya biya haraji da kuɗin jigila dala 700. Ya sayar duka dala 4.000. Ribarsa nawa?
4. Ku tambayi inna wane itace ta fi so a murhu, ku rubuto sunansa da hausa da faransanci.