DARASIN TARIHI: YADDA WASIƘUN OFIS SUKA KAI KANADA GA 'YANCI

A ajin tarihi mun fi son jin labarin yaƙe-yaƙe da jarumai. Da zarar malam ya ambaci wasiƙun ofis da fayil-fayil, sai mu fara hamma. To, amma akwai ƙasar da ta sami cikakken 'yancinta ta kan teburin akawu. Wannan ƙasa ita ce Kanada, maƙwabciyar Amurka ta arewa.

A ranar 1 ga Yuli, 1867, wata doka ta Majalisar Ingila ta haɗa larduna huɗu wuri ɗaya, aka ba su matsayin da Turawa ke kira Dominion. Ma'anarsa ita ce ƙasa mai tafiyar da harkokinta na cikin gida, tana da majalisa da Firayim Minista, amma tana ƙarƙashin sarautar Ingila. Tsakanin gwamnatocin biyu akwai Gwamna Janar, wanda ake naɗowa daga Landan, kuma ta hannunsa duk wasiƙun hukuma suke bi.

Bari mu bi sawun wasiƙa ɗaya. A ce Kanada tana da magana da Amurka kan iyaka ko kamun kifi. Bisa ƙa'ida, ministoci za su miƙa wa Gwamna Janar a birnin Ottawa, shi kuma ya aika wa ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan. Daga nan a tura wa ofishin harkokin waje, sannan a umarci jakadan Ingila a Washington ya yi magana. Amsa ma ta nan za ta biyo. Maƙwabta biyu masu katanga ɗaya, amma saƙonsu sai ya ƙetare teku ya dawo!

Dokoki ma haka. Kowace doka da majalisar Kanada ta zartar, wajibi ne a aika da kwafinta Landan, kuma Sarauniya tana da ikon soke ta cikin shekara biyu. Sau ɗaya aka yi amfani da wannan iko, a 1873, a kan dokar da ta ba kwamitocin majalisa izinin rantsar da shaidu.

Gyara ya zo ne kaɗan-kaɗan. A 1880 Kanada ta tura Alexander Galt ya zama wakilinta na farko a Landan. A 1909, da takardu suka yi ta taruwa har jakadan Ingila a Washington ya koka, aka buɗe ma'aikatar harkokin waje a Ottawa. Ofishinta na farko yana saman wani shagon aski ne, aikinta kuwa bai wuce adana takardu da bin sawun wasiƙu ba.

Babban gwaji ya zo a 1923, a kan kifi. Kanada da Amurka sun shirya yarjejeniyar kare wani kifin teku mai suna halibut. Bisa al'ada, jakadan Ingila ma zai sa hannu. Firayim Minista Mackenzie King ya ce sam, maganar ba ta shafi Ingila ba. Ministansa Ernest Lapointe kaɗai ya sa hannu a madadin Kanada. Kifi ne dalili, amma ainihin tambayar ita ce: wa yake da ikon magana da sunan ƙasa?

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Taron ƙasashen daular na 1926 ya amince cewa Ingila da waɗannan ƙasashe matsayinsu ɗaya ne. A 1927 aka daina bi ta hannun Gwamna Janar, gwamnatocin biyu suka koma rubuta wa juna kai tsaye, Kanada kuma ta buɗe ofishin jakadancinta a Washington. Dokar Westminster ta 1931 ta tabbatar da wannan matsayi. Duk da haka, ɗaukaka ƙara zuwa Landan bai ƙare ba sai 1949, ikon gyara tsarin mulki kuwa sai 1982 ya dawo gida gaba ɗaya. Mu ma a Nijeriya, bayan 'yancin 1960, an ci gaba da kai ƙara Landan har 1963.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, idan muna nazarin kowace ƙasa da aka mallaka, mu riƙa tambaya: wa yake rubuta wasiƙa, ta hannun wa take bi, wa kuma yake sa hannu a ƙarshe? Amsoshin nan uku za su nuna mana inda mulki yake.