Zaɓen Manhajar Taskace Bayanai

Gabatarwa

Malami ba ya rabuwa da tattara bayanai, kamar karin magana da shirin darasi da ra'ayoyin masana. Manhajar taskace bayanai kan tara su wuri guda a kwamfuta ko wayar hannu. Sai dai zaɓen da aka yi da garaje kan jawo asarar aikin shekaru. Don haka akwai ma'aunai huɗu da ya kamata a lura da su.

Ma'aunan Zaɓe

1. Haruffa masu ƙugiya: Malami ya gwada rubuta ɓ da ɗ da ƙ, sannan ya nemi kalmar. Manhajar da ba ta bambanta "baki" da "baƙi" za ta wahalar da manazarcin Hausa.

2. Aiki ba intanet: Obsidian, wadda ta fito a 2020, tana ajiye bayanai a cikin na'urar mai ita.

3. Damar kwashe bayanai: Kamfani kan sauya sharuɗɗansa. A 2023 Evernote ta taƙaita masu amfani da ita kyauta ga bayanai 50 kacal.

4. Dacewa da aiki: OneNote ta 2003 ta kasa bayanai zuwa littafi da sashe da shafi, don haka ta dace da shirin darasi. Zotero kuwa, wadda Jami'ar George Mason ta Amurka ta samar a 2006, ta fi dacewa da tsara manazarta.

Kammalawa

Manhaja mazubi ce kawai. Wajibi ne malami ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a wani wuri daban.

Auna Fahimta

Wane ma'auni ne ya fi muhimmanci ga malamin ƙauye? Kawo dalilai.